Dokin da Ya San Muryar Maigidansa

Zauna tukuna, Jatau. Ka ce gobe za ka je wurin yayanka kan maganar iyakar gona, wai in ranka ya ɓaci za ka iya dannewa. To ni da na san ka tun kana rarrafe, ban taɓa ganin ka danne fushin da bai kai rabin wannan ba. Ko akuya ce ta ci maka dusa, sai unguwa ta ji. Bari in ba ka wani misali.

An yi wani manomi mai doki guda, baƙi wuluk. Uwar ta mutu ta bar shi yana ɗan kwana arba'in, manomin ya raine shi da madarar shanu a ƙwarya, ya sa masa suna Maraya. Son da yake masa ya wuce kima. Da dokin ya isa hawa aka ce ya kai shi wurin mai horon dawaki, ya ce a'a, ba zai iya ganin linzami ya fasa bakin marayansa ba. Shi ya riƙa hawa da kansa, sannu a hankali, daga gida zuwa rijiya, inda dokin ya ga dama nan ake tsayawa. Damina ta faɗi, shuka ta rufe ko'ina, aka ɗaure dawaki a turke yadda aka saba don kada su yi wa mutane ɓarna. Wata huɗu Maraya na tsaye wuri ɗaya, ga ɗanyar ciyawa, ga dawa, ga dusa da kanwa, har gashinsa ya riƙa ƙyalli. Wani tsoho maƙwabcinsa, wanda ya yi furfura cikin dawaki, ya sha gaya masa ya riƙa fita da shi ta burtali ko sau biyu a mako. Ya ce ya koya wa dokin tsayawa yana tafiya kafin ya nemi ya tsaya yana gudu, ya koya masa juyawa da igiyar linzami ɗaya, don doki in ya kwasa ba a tsai da shi da ƙarfin damtse, kewayawa ake yi da shi har ya huce. Manomin ya yi dariya, ya ce, "Baba, ai ya san muryata."

Kaka ta yi, aka kwashe amfani, gonaki suka buɗe. Wata safiya bayan ya karya kumallo, ya ɗaura sirdi ya fita kilisa. Tun daga ƙofar gida dokin ke rawa yana tafiya a karkace, shi kuwa daɗi yake ji, yana ɗaga wa mutane hannu. Suna fita bayan gari, wata goɗiya ta yi haniniya daga tsallaken fadama. Shi ke nan, Maraya ya miƙe wuya ya kwasa. Manomin ya ja linzami da hannu biyu, ya kwanta baya, ya taka likafa iya ƙarfinsa. Dokin ya danne ƙarfen da bakinsa, ana ja yana ƙara wuta. A hannun dama ga saurar gyaɗa, rairayi mai laushi, fili fetal, wurin da kewaye uku zai sanyaya wa kowane doki jiki. Sai a lokacin maganar tsoho ta faɗo masa. Ya sassauta igiyar hagu ya ja ta dama. Dokin ya lanƙwasa wuya yana kallon gefe, amma ƙafafunsa ba su sauya hanya ba, don ba wanda ya taɓa nuna masa abin da jan nan ke nufi. Ya kira sunansa, ya sake kira, iska ta tafi da muryar. Gabansu kuwa akwai kwazazzabon da ruwan bana ya haƙa, dokin bai ma gan shi ba, tunda an juya masa fuska.

Manomin a kan yashi ya faɗi, kafaɗarsa ce kawai ta goce. Dokin kuwa ƙafar gaba ta karye, ƙashi a waje, kuma ka san ba a ɗora karayar doki. Mutane suka taru. Tsohon nan ma ya zo dogare da sanda, bai ce ai na gaya maka ba, kansa kawai ya kawar. Manomin ya ja jiki ya ɗora kan dokin a cinyarsa, ya zare linzamin da hannu ɗaya, sai ga bakin ya tsage gefe da gefe yana zubar jini. Jinin nan da ya yi shekaru yana gudun gani, shi ya fitar da shi da hannunsa. Ya ce, "Maraya." Dokin ya kaɗa kunne, ya lafa. Muryar kam ya san ta. A haka ya riƙe shi har aka zo da wuƙa aka hutar da shi. Turken na nan a tsakar gidansa har ya tsufa, ya hana a cire, bai kuma sake hawa doki ba. Duk sanda na tuna mutumin nan sai raina ya sosu, don ba mugunta ce ta kashe dokin ba, so ne.

Kai ma ka daɗe kana zuba wa naka dokin dawa a turke, ba ka taɓa ce masa tsaya ya tsaya ba. Wanda za ka tarar gobe kuwa ciki ɗaya kuka fito, kuma akwai karayar da ba ta da ɗori. Bar maganar gonar ta kwana biyu, ka fara gwadawa a kan akuyar. Hausawa sun ce, ba a fafe gora ranar tafiya.