Hayaƙin Gidan Tunau

Baba Jatau ya rantse shi ya hango matsalar kafin kowa, tun ranar da 'yan jami'a suka kafa tulunan ƙarfe a kan rufin gidaje. Wai a kwamfuta suka gano sinadarin da ke shanye hayaƙi ya mai da shi fetur. Shi kuwa yunwa biyu ya tsallake ba boko, don a zamaninsu gidan da hayaƙi bai tashi ba, nan ake kai tuwo ba tambaya.

Yau ga shi tsaye a lungu da kwano, sama fes, ya rasa inda zai nufa.

"Malam, tuwon zai huce," in ji matarsa Delu daga zaure.

"Ke, na rikice. Aminina Tunau ya yi girki tulun ya shanye hayaƙin ne, ko murhun ne a mace?"

"Ka tambaye shi mana."

"Tunau? Gara ya mutu da ya ce bai ci ba!"

Samarin bakin lungu suka tuntsire da dariya. Ya nuna musu sama da sanda.

"Duk wanda ya ce ƙarya nake, ya ɗaga kai ya nuna mini gidan da ake yunwa."