Randar da Bunsuru Ya Fasa

Tunda ka ce ba za ka yanke shawara ba sai ka tabbatar, zauna in ba ka misali. Wani magidanci ne matarsa ta tafi wankan jegon ɗiyarsu, ta bar masa gida da amana ɗaya: randar da ta gada wurin mahaifiyarta. Kwana biyu kacal, garin korar bunsuru, shi da bunsurun suka yi karo da randa, ta fashe. Har yau kowa ya tambaya sai ya ce bunsurun ne. Ga shi ranar Juma'a matar za ta dawo. Ya ɗauki tsingaro ɗaya, ya auna gurbin randar da igiya, ya nufi gidan wata tsohuwa maginiyar tukwane, ya ce irinta sak yake so.

Tsohuwa ta yi dariya, ta ce wuta ba ta taɓa haifa mata tagwaye ba. Ta juya tsingaron, ta shinshina, ta ɗiga masa ruwa ta ga yadda yake sha. Sannan ta jero randuna uku. Ta farko launi kamar an tsaga kara, amma bakinta ƙarami. Ta biyu ta yi daidai da igiyarsa, sai dai da aka ƙwanƙwasa ta amsa kamar mai mura. Ta uku babu inda ta yi daidai: ja kaɗan ya rage, ciki ya ɗan fi, kauri ya kusa, amo ya kusa, shan ruwa ya kusa ƙwarai. Mutumin ya kafe a kan ta biyu, wai ita ce awo ya shaida. Tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, igiya ba ta san sanyin ruwa ba. Ɗauki wadda ta yi kusa ta ko'ina." Haka ya haƙura ya ɗauki ta uku.

Ranar Juma'a matar ta shigo da ƙishin hanya. Tun daga bakin zaure ta ƙyalla ido ta hango randar. Ta ɗebi ruwa a moɗa, ta sha, ta ƙara, shi kuwa yana ta gyaran hular da ba ta karkace ba. Can ta share ƙwalla da bakin mayafi.

"Malam, ruwan nan kamar na Inna. Wa ya zaɓa maka? Don na san ba kai ba ne."

Shi ya sa Hausawa suka ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.