Motar da Ta Gagari Mai Waya

"Murɗa."

Ɗan tsohon mai waya ya murɗa makulli. Fitilun gaban direba suka kawo, amma injin ko tari bai yi ba.

Tsohon ya sake cusa kai cikin bonet. Tun yana saurayi yake gyaran wayar mota, ba a taɓa jin wadda ta gagare shi ba. Daga nesa ake jawo masa matacciya da igiya, ta koma da ƙafarta. Yau ga tasa a ƙofar gidansa, wadda yake kai jikokinsa makaranta da ita kowace safiya, ta kwana biyu a tsaye, unguwa tana kallo.

Mai faci, abokinsa na ƙuruciya, ya jawo benci ya zauna.

"Wanzami ba ya son jarfa. Ko in kawo famfo mu hura mata iska?"

Kunnuwan tsohon suka yi zafi.

Ya bi aikin yadda ya saba. Ya goge kawunan batir, ya ɗaure. Ya zare fis, ya kai shi dab da hancinsa, ya juya, sannan ya miƙa wa ɗan.

"Lafiyarsa lau, Baba."

Ya lalubo rile, ɗan baƙin akwatin nan da ke sakar wa kik, mai tada injin, wuta idan an murɗa makulli. Ya cire shi, ya sa sabo. Shiru. Ya dasa fitilar gwaji a ƙafar rilen da wayar makulli ke shigowa.

"Murɗa. Ta kama?"

"Ta kama mana," in ji mai faci. "Har daga nan ina ganinta."

Tsohon ya haɗa manyan ƙafafun rilen biyu da guntun waya. Kik ya yi gurnani nan take, har kajin gidan suka watse.

Ɗan ya leƙo ta taga da murna. "To ai shi ke nan, Baba! A riƙa tada ta haka."

"Ta kama da wuta da 'ya'yanka a ciki?"

Ɗan ya mayar da kansa cikin mota.

Batir lafiya, kik lafiya, wutar makulli tana isowa. Abin da ya rage bai fi siririyar waya ɗaya ba, wadda ke fita daga gindin rile ta ɗaure a jikin mota. Tsohon ya tsaya a kanta, hannunsa a kan murfin da ya rufe ta. Sai ya koma kan batir, ya sake goge abin da ya riga ya goge.

Rana ta take. Masu wucewa suna rage tafiya, suna sannu da aiki, sannun da ta fi zagi ciwo.

Ɗan ya fito yana sosa ƙeya, idonsa a ƙasa.

"Baba, akwai wani mai waya a bakin titi. Ba wai don an raina..."

"Ba wanda zai taɓa min mota."

"To yaran fa?"

Tsohon ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Da ya buɗe baki, da ƙyar maganar ta fito.

"Ka nema musu motar makaranta. Ta gagare ni."

Mai faci ya buɗe baki zai yi tsiya, ya dubi fuskar abokinsa, ya haɗiye. Ya ɗauki bencinsa ya tafi. Tsohon ya san kafin la'asar maganar ta zaga duk garejin da aka san sunansa.

Ya sauke bonet a hankali. Gara haka. Gara a ce hannunsa ya tsufa da a ji abin da bakinsa ya kasa faɗa wa ɗansa: idonsa ne ya tsufa, shi ya datse siririyar wayar da filayarsa, ranar da ya sauke jikokin ya juyo, ƙaramarsu ta gifta gaban motar, bai gan ta ba sai da ta yi ihu.