A Mil na Goma Sha Takwas

A mil na goma sha takwas, daura da tsohon ramin kuza na hanyar Bukuru, Ishaku na cikin gudun atisaye ya hango Zulaihatu tsaye cikin fararen kayanta na nas. Saura mako uku ya tafi gudun fanfalaki Legas, saura wata biyu ɗaurin aurensu.

Ya tsaya yana haki, dafe da ƙirji. Da ya ga inda idonta ya sauka, sai ya janye hannun.

"Likita ya duba hoton ƙirjinka," ta ce. "Zuciyarka ta kumbura. Ya ce ka bar gudu daga yau."

"Jiha ta riga ta tura sunana, Zulai."

"Da hannuna na sha rufe fuskar samari irinka a asibiti. Ba zan shiga lalle ina jiran takaba ba. Ka zaɓa."



"Saura mil biyu kacal," ya ce a hankali, ya wuce ta.

Har ya sha kwana yana kasa kunne ko za ta kira sunansa. Ba ta kira ba. A nan ne ya ji hannunsa na hagu ya fara mutuwa.