Bencin Baya

"In ka liƙa wa kalma re a gaba, ta zama sakewa," na ce, ina ƙwanƙwasa allo. "Write, rubuta. Rewrite, sake rubutawa. Wa zai ba ni wata?"

Ajin manya ne, direbobin Jibiya zuwa Maraɗi da nake koya wa Turanci duk Asabar. Wani sabon zuwa mai furfura a gemu ya ɗaga hannu daga bencin baya.

"Repeat, Malam Dalhatu. Ita na fara sani a Turanci."

Na kwashe da dariya. "Ashe an sha maimaita aji! Shi ya sa sai da furfura aka dawo boko?"

Aji ya ɗauka gaba ɗaya. Shi ko murmushi bai yi ba.

"Sau ɗaya aka ce in maimaita. Aji shida, a firamaren Riko. An tarar da takardun jarrabawa biyu iri ɗaya, har kurakuransu. Ɗaya ta ɗan malami ce, ɗaya tawa, ɗan makiyayi. Ba a ko tambaye ni ba. Babana ya ce na gama boko ke nan."

"To wa ya kwafi wani?" in ji wani direba.

Na dube shi da kyau. Sai yanzu na gane idanun nan.

"Shekara talatin ban faɗa ba," ya ce, yana buɗe littafinsa. "Ci gaba, Malam. Ni ne Ummaru. Wannan karon na zauna nesa da kai."