Shekarar da Na'Allah Bai Yi Girbi Ba

Lokacin da fari na 1973 ya gama da ƙauyukan Roni, abin da ya rage a rumbun Na'Allah dami ɗaya ne tak, shi ma na iri. Shanun nomansa biyu sun mutu, ya binne mahaifiyarsa, matarsa Baraka kuma tana goyon 'yarsu Saude. Da dawar agaji da ganyen tafasa suke rayuwa.

Ku da kuka tashi a gidan noma kun san matsayin damin iri. Tun a gona ake zaɓar zangarniyar gero mafi ƙwari, a ɗaure ta daban, a ajiye. Ko yunwa ta kai ina, ba a sussuka shi, domin shi ne abincin baɗi.

Na'Allah Kirista ne mai tsoron Allah, ba ya fashin sujada ranar Lahadi. Ana cikin wannan hali sai wani baƙon mai wa'azi ya sauka a ƙauyen, da lasifika mai batir da wani ƙyalle mai zanen dabbobi masu ƙahoni. Ya rataye ƙyallen a jikin tsamiya, jama'a suka taru.

"Yaƙi kun gan shi," in ji shi. "Yunwa kuna cikinta. Wannan fari hukuncin Allah ne, kuma shi ne alama ta ƙarshe. An bayyana mini, kafin geron bana ya fitar da kai za a busa ƙaho, Almasihu ya dawo. Duk wanda ya ɗauki fartanya ya nuna bai gaskata ba."

Kada ku yi saurin yi wa Na'Allah dariya. Mutum ne da wahala ta gajiyar, sai ga wani yana ce masa ta kusa ƙarewa, zai kuma sake ganin uwarsa. Maganar ta shige shi, ya yi kuka a gaban mutane, rabonsa da samun sanyin zuciya irin na ranar tun kafin fari.

Kullum sai a taru a gindin tsamiya ana addu'a, ga ciki babu komai. Tausayin jama'a ya kama Na'Allah, ya shiga rumbu ya fito da damin iri, ya ajiye a gaban turmi.

"Sussuka shi, ki dama wa masu addu'a kunu."

Baraka ta dafe ƙirji. "Maigida, iri ne fa! Me za mu shuka?"

"Wa zai girbe? Ke dai ki yi abin da na ce."

Labari ya kai kunnen Baba Sama'ilu, dattijon ikilisiyarsu, ya dogaro sandarsa ya zo.

"Ɗana, ni ma ina sa zuciya ga zuwan Ubangiji, na ma fi ka ƙosawa, dubi shekaruna. Amma shi da kansa ya gaya mana ba a ba kowa sanin ranar ba, ko mala'iku. Wannan baƙo ya fi mala'iku ne? In zai zo, ya same ka a gona, ai ba abin kunya ba ne."

Na'Allah ya durƙusa, kansa a ƙasa. "Baba, ku gafarce ni, amma alamun sun cika."

Baraka ta sussuka gero tana hawaye. Aka sha kunu, aka yi ta sa masa albarka.

Sai ruwa ya sauka, irin wanda aka daɗe ba a gani ba. Masu iri suka duƙufa shuka, har da waɗanda suka fi kowa ɗaga murya a gindin tsamiya, ashe su sun ɓoye nasu. Gero ya tsiro, ya fitar da kai, ba a ji ƙaho ba. Baƙo kuwa tuni ya naɗe ƙyallensa ya hau mota, wai ana jiransa a wani gari.

Tun kafin nan jikin Na'Allah ya yi sanyi, ya bi gida gida neman iri. To, wa ke da ragowa bayan fari? Ɗan abin da ya samo a kasuwar Kazaure ya shuka a makare, ruwa ya ɗauke kafin ya yi ƙwaya. Kara kawai ya tsinta.

Maƙwabta sun yi ƙoƙari, Kirista da Musulmi, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Amma kowa farfaɗowa yake yi, taimakon bai kai tsakiyar rani ba. Na'Allah ya tafi Kano cin rani, yana ɗaukar bulo a wuraren gini. A gida nonon Baraka ya ƙafe, Saude ta rame, ƙafafunta suka kumbura.

Ranar da ya dawo da buhun dawa a ka, ya tarar da Baraka zaune a ƙofar ɗaki, bayanta babu goyo. Ya sauke buhun.

Ta dube shi ta ce, "Ka ce duniya za ta tashi, Maigida. Ta tashi, amma a ɗakina kaɗai."

Jama'a, jiran zuwan Ubangiji bangaskiya ce, amma sa masa rana ba aikin ɗan Adam ba ne. Duk wanda ya ce ku ajiye fartanya don ya san ranar, ku guje shi, domin in yunwar ta zo ba gidansa za ta shiga ba.