Akwatin baƙo mai wayoyi biyu

Ina shekara tara, cinyoyina duk tabon allurar insulin ne, saboda ciwon sukari. Wata rana bayan la'asar Baba ya kira ni zauren gidanmu a Yammedi. Na tarar da wani baƙo riƙe da ɗan akwati mai batir da wayoyi biyu. Ya ce liƙawa ake yi a fata, lantarki ya tura maganin cikin jiki, an huta da allura.

Tun ba a ce ba na miƙa hannu. Ya ɗiga mini wani ruwa daga wata kwalba, ya liƙa wayoyin, ya kunna. Na ji kamar kiyashi na yawo a fatata.

Baba ya daɗe yana jujjuya kwalbar.

"Malam, namu maganin a gindin randa muke ajiye shi, don zafi na lalata shi. Naka kuma ya yini a rana kan babur?"

"Alhaji, ai wannan na zamani ne."

Baba ya ɓamɓare wayoyin da kansa. "Allah ya kawo kasuwa. Ke kuma je ki Innarki ta yi miki allura."

Na yi kuka har magariba.

Yanzu na ji masu bincike na gwada wannan hanya da gaske, ina kuma yi musu fatan dacewa. Amma Baba ya rasu ban taɓa ce masa na gode ba.